Abin Da Za Ka Tambaya Idan An Taya Kamfanin Da Kake Da Hannun Jari a Ciki

Da zarar an sanar cewa wani ya taya kamfani, farashin hannun jarinsa yakan yi tsalle, sai mutum ya ji kamar ya sayar ya huta. Ka dakata tukuna, ka nemi takardar tayin kanta, ba labarin jarida ba. Abin da kake son ganewa shi ne ko kuɗin da aka taya ya kai darajar kamfanin idan aka bar shi ya ci gaba da kansa.

Ka fara da ƙarin da masu sayen suke tallatawa. Za su ce kashi 30 cikin ɗari ne sama da farashin kasuwa. Farashin wace rana? A ce bara hannun jarin yana dala 50, ya faɗo 30, aka taya shi 39. Lissafinsu daidai ne, amma wanda ya saya bara ya yi asarar dala 11. Don haka ka gwada tayin da matsakaicin farashi na wata 3, wata 6 da shekara, da kuma farashin ranar ƙarshe kafin jita-jitar cinikin ta fita. Sannan ka haɗa kuɗin tayin da bashin kamfanin, ka cire tsabar kuɗin da yake da ita, ka raba da ribar shekara kafin a cire kuɗin ruwa da haraji. Idan an sayi ire-irensa a ninki 12, naku kuma ninki 8, sai ka nemi dalili.

Da me za a biya? Tsabar kuɗi ba ta da ruɗani. Idan kuwa da hannun jarin mai saye ne, a ce rabin nasa a kan kowane ɗaya naka, to ranar da nasa ke dala 80 kana da 40, ya sauko 60 ka koma 30. Ka duba ko an sa ƙa'idar da za ta kare ka daga wannan, ka kuma binciki mai sayen, tunda kamfaninsa za ka shiga.

Inda aikin yake shi ne hasashen makomar kamfanin. Shugabanni kan saka hasashen ciniki da riba na shekaru masu zuwa a takardun cinikin. Ka ajiye shi kusa da abin da suka faɗa wa masu hannun jari wata shida baya. Idan a da suna cewa ciniki zai ƙaru da kashi 10, yanzu sun koma kashi 4, me ya canza? An rasa babban abokin ciniki ne, kayan aiki sun yi tsada, ko dai an rage lissafin ne don tayin ya yi kyau? Wannan tambayar ta fi nauyi idan shugabannin suna cikin masu sayen, ko an yi musu alkawarin ci gaba da riƙe muƙami, ko za a ba su maƙudan kuɗin sallama. Ana rubuta waɗannan a takardun, galibi can ciki. Haka ma bankin da ya shaida cewa farashin ya yi adalci: sau da yawa mafi yawan ladansa sai an kammala ciniki yake samu. Ka kuma tambaya ko daraktoci sun nemi wasu masu saye, ko da mutum ɗaya kawai suka zauna.

Hasashe yana iya tabbata, yana iya rushewa. A 2014 AstraZeneca, mai yin magunguna, ta ƙi tayin takwararta Pfizer na fam 55 kan kowane hannun jari, ta ce cinikinta zai haura dala biliyan 45 nan da 2023. Ta kai, ko da yake sayen kamfanin magunguna na Alexion da ta yi a 2021 ya taimaka. Yahoo kuwa ta ƙi dala 31 daga Microsoft a 2008, kafin ƙarshen shekarar farashinta bai kai rabin haka ba. Saboda haka kada ka tsaya ga adadin. Ka ga daga ina ƙarin zai fito, wane kaya, wace kwangila, kuma da wane kuɗi za a yi aikin idan bashi ya riga ya yi yawa.

Sai batun ko cinikin zai kammalu. Tazarar da ke tsakanin tayi da farashin kasuwa ita ce ma'auni. Tayi 40, kasuwa 37, farashi kafin jita-jita 30: idan ka jira, ribarka 3, idan ya wargaje, asararka 7. Kasuwa na ganin yiwuwar kammalawa kusan kashi 70 ke nan. Hukumomin hana babakere sukan kawo cikas. Microsoft ta taya Activision, mai yin wasannin bidiyo, dala 95 a Janairun 2022, ba a gama ba sai Oktoban 2023. Kotu a Amurka ta hana kamfanin jiragen sama na JetBlue sayen takwaransa Spirit a Janairun 2024, a Nuwamban shekarar Spirit ta nemi kariyar kotu kan bashi. Ka duba ko mai saye ya riga ya samu kuɗin ko rance yake jira, da abin da zai biya idan ya fasa. Adobe, mai yin manhajoji, ta biya takwararta Figma dala biliyan 1 da cinikinsu ya rushe a 2023.

Ka kiyaye wa'adi. A Amurka tayin da aka miƙa kai tsaye ga masu hannun jari galibi sai ya zauna a buɗe aƙalla kwanakin aiki 20, amma dillalinka yakan rufe karɓar amsa kafin ranar ƙarshe. A Birtaniya, mai saye da ya samu kashi 90 na hannayen jarin da ya taya yana da ikon tilasta wa sauran su sayar a farashin tayin. Idan kuma bai kai haka ba amma aka cire kamfanin daga kasuwa, wanda ya ƙi sayarwa zai zauna da hannun jarin da samun mai sayensa ke da wuya.