Idan kwan zenon na majigi ya ƙi kamawa

Jama'a, ga shawara ga masu kula da majigin silima. Idan ka danna makunni kwan zenon, wato fitilar majigin mai iskar zenon a cikinta, ya ƙi kamawa, kada ka yi saurin cewa ya mutu. Kasa kunne tukuna.

In shiru ka ji, ko ƙarar tas-tas ta ignaita (na'urar da ke kunna kwan) babu, duba makunnan kariya. Ƙofar gidan kwan da ba ta rufu sosai ba, ko fankar zuƙe zafi da ba ta jan iska, kowanne yana hana wuta isa. Abin haushi, sau da yawa matsalar ke nan.

In kuwa tas-tas ɗin na tashi amma babu haske, nan aikin yake. Ignaita na harba dubban volt don tartsatsi ya tsallaka tsakanin bakunan ƙarfe biyu na cikin kwan, sai rektifaya, na'urar da ke ba kwan wuta, ta riƙe wutar. Kashe fitilun ɗakin ka leƙa ta tagar dubawa. In ka hango shuɗin tartsatsi yana tsalle daga waya zuwa jikin akwatin, wutar ce ke ɓata hanya. Nisantar da wayar daga ƙarfe, goge ƙura, ɗaure duk mahaɗin da ya saki ko ya yi baƙi. In kwan ya haska ya mutu nan take, zargi rektifaya. Kada dai ka sa mitar gwada wuta alhali ignaita na haɗe, mitar ƙonewa za ta yi.

Tsohon kwai ma yana taurin kamawa, domin bakunansa sun cinye, ratar ta faɗaɗa. Duba awoyinsa, ka daina danne-danne.

Kafin ka buɗe gidan kwan, cire wuta, bari kwan ya huce, sa garkuwar fuska da safar hannu. Ko a sanyaye iskar cikinsa a matse take, yana iya fashewa.