Yadda za ka zauna ka yi wa shekarunka na gudu lissafi

Na fara gudu a shekarar 2011, ina da shekara 33, ga tumbi ga haki. Ranar farko ko minti shida ban cika ba na tsaya na dafa gwiwoyi, zuciya na dukan uku-uku. Da na dawo gida sai na ɗauki biro na rubuta a bayan wani tsohon littafi: "Minti 6. Wahala." Har yau ban san abin da ya sa na rubuta ba. Daga wannan layin ne littattafai huɗu suka cika, kuma a farkon 2025 na kwaso su duka na zube a tsakar ɗaki, na ce yau sai na ga abin da shekara 14 ta haifar. Kwana uku aikin ya ci. Idan kai ma ka daɗe kana gudu, ko sassarfa ce kawai kake yi da asuba, ga hanyar da na bi, har da wuraren da na yi tuntuɓe.

Ka fara da tattara komai wuri guda kafin ka soma tunani. Littattafai, lambobin da ake maƙala wa mutum a ƙirji ranar gasa, lambobin yabo, hotuna, tsofaffin wayoyi. Idan kana amfani da manhajar Strava ko agogon gudu na Garmin, ka sauke bayananka a kwamfuta. Ni wata bakwai na 2013 sun tafi da wata waya da ta faɗa ruwa, saboda a lokacin na raina littafi, na ce zamani ya wuce shi. Inda ka sami rami irin wannan, hotuna suna taimakawa, don kowane hoto yana ɗauke da ranar da aka ɗauke shi. Abin da ba ka samu ba kuwa ka rubuta "babu" ka wuce. Kada ka cike gurbin da zato. Ƙwaƙwalwa ba ta da amana a wannan harka: kullum nisan da take tunawa ya fi na gaske tsawo, lokacin kuma ya fi na gaske gajarta.

Daga nan ka samo takarda babba guda ɗaya, ka ba kowace shekara layi ɗaya tak. A layin ka sa jimlar kilomita, da yawan makonnin da ka fita gudu aƙalla sau biyu, da gudu mafi tsawo na shekarar. 'Yata ce ta riƙe na'urar lissafi ina karanto mata. Jimlar ta tashi kilomita 19,300. Zagayen ƙugun duniya kilomita 40,075 ne, wato ko rabi ban kai ba, ni da nake ganin na zagaye ta na dawo. Idan aka raba, abin bai wuce kilomita 26 da ɗoriya a mako ba.

Muna cikin haka ta buɗe littafi na biyu, ta yi ta juya shafuka, sai ta ɗago ta ce, "Baba, nan me ya faru? Shafi uku babu komai."

Wannan tambayar ita ce ta juya mini aikin gaba ɗaya, kuma nan nake so ka fi daɗewa. Ka ɗauki jan biro ka zagaye duk inda ka yi mako uku ko fiye ba ka yi gudu ba. Sannan ka koma baya mako shida kafin kowane rami, ka karanta a hankali. Mutum yakan yi marmarin kallon ranakun da ya yi bajinta, amma ba su koya masa komai. Ramukan ne ke da labari.

Ga nawa na 2016, kamar yadda yake a rubuce. Mako na farko kilomita 32, na biyu 35, na uku 34. Na huɗu 58. Na biyar 61. A gefen wata Talata na rubuta da ƙananan haruffa, "agara na ɗan ja da safe, ba komai." Ranar Alhamis: "ta saki bayan kilomita biyu." Ranar Lahadi kilomita 24, babu sharhi ko ɗaya, kuma na san dalili, ba na son in rubuta abin da na ji. Daga nan sai farar takarda har mako 11. Shekara tara ina ba mutane labari cewa ciwon agarar nan daga sama ya faɗo mini. Ashe da hannuna na rubuta gargaɗin sau biyu na tsallake shi. Masu gudu suna da wata ƙa'ida da suke yawan faɗa, cewa kada ka ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 a kan nisan makon da ya wuce. Ba doka ba ce, jiki ma kowa da irin nasa, amma daga 34 zuwa 58 ƙarin kashi 70 ne, wannan kuwa ganganci ne ko a wane littafi. Huhu da zuciya suna saurin sabawa da aiki, cikin 'yan makonni sai ka ji ka zama doki. Jijiya da ƙashi su ne masu nawa, kuma su ne ke biyan bashin.

Da likita ya duba ni a lokacin, tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, me ka canza a watan nan?" Na ce babu. Da na je da littafin, da ya amsa masa a madadina. Abin da ya warkar da ni motsa jiki ne mai ban haushi: ka tsaya a bakin matakala da yatsun ƙafa, ka ɗaga, ka sauke dunduniya a hankali, safe da yamma, har wajen mako 12.

Ramukana guda tara ne a shekara 14. Huɗu ciwo ne, kuma uku daga cikinsu hanya ɗaya suka biyo: ƙarin nisa farat ɗaya, a kan takalmin da ya riga ya mutu. Biyu rashin lafiya ne, ɗaya haihuwar autanmu, ɗaya canjin wurin aiki. Na taran ba shi da wani dalili sai lalaci, na kuma rubuta shi da sunansa. Ka yi wa naka irin wannan rabon. Za ka ga wanda ƙaddara ce da wanda kai ka gayyato shi. A gaban kowane rami kuma ka rubuta yadda ka dawo: da kilomita nawa ka fara, mako nawa ka ɗauka kafin ka koma inda kake. Ni na ga cewa duk dawowar da na fara da gudu haɗe da tafiya, minti biyu gudu minti ɗaya tafiya, ta ɗore. Wadda na fara da zafin nama kuwa, wai in rama abin da ya wuce, sau biyu tana mayar da ni kan kujera.

Maganar takalmi gajeriya ce. Galibi ana cewa takalmin gudu yana gajiya tsakanin kilomita 500 zuwa 800, ko da samansa na ƙyalli. Ka rubuta ranar da ka fara sa shi a cikin harshensa da biro, shi ke nan.

Sai ka zo kan lokuta, inda kowa ke ɗokin zuwa. Nan ka yi hattara da haɗa abin da ba ya haɗuwa. Kilomita 10 da agogon hannunka ya auna ba ɗaya ba ne da kilomita 10 na gasar da aka auna hanyarta. Hanyar gasa ta gaskiya da keke ake auna ta, mai ɗauke da na'urar ƙirga juyin taya, ana bin layi mafi gajarta da mai gudu zai iya bi. Agogo kuwa da tauraron ɗan'adam yake aiki, yakan ruɗe a tsakanin dogayen gine-gine da ƙarƙashin bishiyoyi. Ina da wani "tarihi" na minti 42 da na daɗe ina taƙama da shi, sai da na sake bin hanyar na gane ta gaza da kusan rabin kilomita. Na soke shi, raina bai so ba. Wanda ya tsaya shi ne minti 44 da daƙiƙa 10, a 2015. Ko a filin tsere ma, layin ciki ne mita 400. Wanda ke zagaye a layi na takwas yana yin sama da mita 450 kowane zagaye. Manya ma haka ake yi musu. Eliud Kipchoge ɗan Kenya ya gama gudun fanfalaki, kilomita 42.195, cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a watan Oktoban 2019, amma ba a sa shi a kundin tarihi ba, saboda ba gasa ba ce, ga mota a gaba tana nuna masa sauri, ga masu rakiya suna karɓeɓeniya suna kare masa iska. Awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 39 da ya yi a birnin Balin na Jamus a 2018 shi ya ci gaba da zama a rubuce a wancan lokacin. Idan an hana Kipchoge, kai ma ka hana kanka.

Akwai wani lissafi da zai nuna maka inda ƙarfinka yake. Wani injiniya Ba'amurke, Peter Riegel, ya fitar da shi a 1977, don hasashen lokacin dogon gudu daga na gajere. A sauƙaƙe, ka ninka lokacinka na kilomita 10 sau 4.6, abin da ya fito shi ne kimanin lokacinka na fanfalaki, idan ka yi atisayen da ya dace. A 2014 ina yin kilomita 10 cikin minti 47, wato lissafi ya ba ni awa 3 da minti 36. Na gama a awa 4 da minti 38. Daga kilomita 31 ƙafafuna suka zama itace, na riƙa tafiya ina kirga sandunan fitilar titi, in ce daga wancan zan sake gudu, in na isa in ce a'a, na gaba. Takarda ta nuna dalili: gudu mafi tsawo da na yi kafin ranar kilomita 24 ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. A 2018, da na yi kilomita 30 zuwa 32 har sau huɗu kafin gasa, na sauko awa 3 da minti 52.

To, sai abin da ke sa mutane da yawa rufe littafin cikin ɓacin rai: shekaru. Yau ina da 47, kilomita 10 tana cin minti 51, kuma minti 44 ba za ta dawo ba. Kada ka auna kanka na yau da saurayin da ka taɓa zama. Hukumar wasannin guje-guje ta dattawa ta duniya tana da jadawalin da ke auna lokacin mutum gwargwadon shekarunsa da jinsinsa, ya ba shi maki cikin 100, kuma akwai shafukan intanet da za ka zuba lokacinka su yi maka lissafin. Ka yi wa kowace shekara, za ka ga saukar ba ta kai yadda agogo ke nunawa ba. Idan kuma girman kai ya fara taso maka, ka tuna Ed Whitlock na Kanada, wanda ya yi fanfalaki ƙasa da awa 3 yana da shekara 73, sannan a 2016, yana da 85, ya gama a awa 3 da minti 56 a Toronto. Minti huɗu na fi tsoho ɗan 85, a ranar da na fi kowace rana ƙarfi a rayuwata. Na gaya wa 'yata, ta yi dariya har da riƙe ciki.

A ƙasan takardar ka bar fili don abubuwan da agogo ba ya gani. Nawa sun haɗa da ranar da na fara yin minti 30 ban tsaya ba, wata huɗu bayan layin nan na "wahala". Da bugun zuciyata na safe kafin in tashi daga gado, wanda ya sauko daga 78 a minti zuwa 54. Da ranar da wani dattijo da muke haɗuwa a hanya, wanda shekara biyu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ya rage sauri ya jera da ni ya ce, "Ƙanena, ka sassauta kafaɗunka, ba dambe za ka ba." Har yau in na gaji muryarsa nake ji. Da asubar da ƙanwata ta biyo ni karo na farko, ta yi minti takwas, ta fi ni da biyu.

Wani abu da ban ba ka shawarar ka sa a gaba ba shi ne jerin kwanaki babu fashi. Ron Hill na Ingila ya yi gudu kowace rana daga Disamban 1964 zuwa Janairun 2017, shekara 52 da kwana 39, har da lokacin da haɗarin mota ya karya masa ƙashin ƙirji. Abin mamaki ne, amma ni na gwada na kwana 94, kuma ramina na shida daga nan ya fito. Na fi son ƙirga makonni. A cikin makonni 728 na shekarun nan, na fita gudu a 610.

Daga yanzu, abin da za ka riƙa rubutawa kullum bai wuce layi ɗaya ba: rana, nisa, lokaci, takalmin da ka sa, da kalma biyu ko uku kan yadda jiki ya ji. Wannan na ƙarshen shi ne manhaja ba za ta rubuta maka ba, kuma shi ne za ka nema bayan shekara goma. Duk inda ka ga ka rubuta sunan gaɓa ɗaya sau biyu a mako guda, gwiwa ko ƙwauri ko idon sawu, ka rage rabin nisan makon, idan bai saki ba ka ga likita.

Na sayi littafi na biyar. A shafin farko na rubuta 737, adadin kilomitan da suka rage in kai rabin ƙugun duniya. A kan kilomita 30 a mako, wajen mako 25 ke nan, in Allah ya yarda kuma agara ta bari. 'Yata ta ce ita za ta riƙa ragewa duk Lahadi, don ba ta amince da lissafina ba tun da ta ji labarin minti 42.