Yadda ake gwajin gudun minti 12 na Cooper

A shekarata ta biyu a sashen nazarin motsa jiki aka ba mu aikin auna ƙarfin zuciya da huhu na mutum goma. Na zaɓi gwajin Cooper don ba ya cin kuɗi. Kenneth Cooper, likita a rundunar sojan saman Amurka, shi ya fito da shi a 1968: mutum ya yi ta gudu har minti 12, sai a auna nisan da ya ci. Agogo, usur, tef ɗin awo, takarda da biro, kayan aikin ke nan.

Kafin kowa ya ɗaure takalmi, ka ja shi gefe ka tambaye shi: yana da hawan jini, asma ko sikila? Ƙirjinsa ya taɓa yi masa ciwo yana cikin gudu? Wanda ya amsa da e, kada ya shiga sai likita ya yarda. Mai azumi ma a bar shi sai wani lokaci. A nan ba na sassauci ko kaɗan, domin babu makin da ya kai lafiyar mutum.

Ku fita bayan sallar asuba. Wanda ya san zafin Kaduna a Maris da Afrilu ba sai an gaya masa dalili ba, kuma ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri gara a ɗage. Mu a filin wasa na Ahmadu Bello muka yi namu, inda zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne. Kowa ya tsaya a layin cikin, don na waje sun fi tsawo. In a fili kamar Dandalin Murtala za ku yi, ka auna da tef da kanka, ka ajiye alama duk bayan mita 50. A ɗumama jiki na kamar minti 10 tukuna.

Ga inda na sha wuya. Na ce ni kaɗai zan ƙirga wa mutum uku, can wajen minti na takwas lissafi ya rikice mini, na rasa ko wata 'yar ajinmu tana zagaye na huɗu ne ko na biyar. Dole muka sake bayan kwana biyu, ga kunya ga ɓata mata lokaci. Kowane mai gudu a ba shi mai ƙirga nasa, yana jan layi a takarda duk sanda ya wuce. Ka kuma ja musu kunne kada su fita da ƙarfi tun farko. Masu yin haka kafin rabin lokaci sun koma tafiya suna haki.

Da minti 12 sun cika, ka busa usur, kowa ya lura da inda ya kai, a sa alama, sannan ya ci gaba da takawa a hankali. Kada ya zube ƙasa nan take.

Lissafin: ka cire 504.9 daga mitocin da ya ci, ka raba da 44.73. Wanda ya yi zagaye shida, wato mita 2,400, zai samu kusan 42.4, ƙiyasin mililita na iskar oksijin da jikinsa ke iya amfani da ita a minti ɗaya ga kowane kilo na nauyinsa. Kuskuren zagaye ɗaya tak yana sauya wannan adadi da kusan 9. A rahotonka ka rubuta shekaru da jinsin kowa, ƙarfe nawa aka yi, da yadda yanayin garin yake ranar, ka kuma bayyana cewa ƙiyasi ne, ba awon ɗakin gwaji ba.