Yadda ake rubuta bayanin taɓa memori ba tare da makulli ba a kanel ɗin Linux

Ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, idan ya fara leƙa kanel ɗin Linux, zai ci karo da wuraren da furosesa biyu ke taɓa bariyabul ɗaya babu makulli. Wani wurin kuskure ne, wani kuma da gangan aka bari don a rage jira. Wanda zai gaji aikinka ba zai bambance su ba sai ka rubuta masa.

Fara da git grep a kan sunan bariyabul ɗin. Ɗauki takarda ka jera masu rubuta shi da makullin da kowanne ke riƙewa, sannan masu karanta shi hannu sake.

Sai zaɓen alama, kuma nan ne aka fi tuntuɓe. Idan abin da aka karanta shi zai yanke abin da za a yi gaba, sa READ_ONCE() wajen mai karatu, WRITE_ONCE() wajen mai rubutu. Kompaila yana ɗauka shi kaɗai ne a fili. Zai iya karanta tutar "an gama" sau ɗaya ya riƙe, madauki ya yi ta juyawa har abada alhali ɗaya furosesan ya daɗe da canza ta. Zai iya kuma raba rubutu ɗaya gida biyu, mai karatu ya kwashi rabin sabuwar lamba da rabin tsohuwa. Idan kuwa ƙididdiga ce kawai da ake nunawa a /proc, data_race() ya wadatar. Amma ka sani ba ya ɗaure hannun kompaila ko kaɗan, KCSAN kawai yake ce wa ya yi shiru. Shi ma READ_ONCE() ba ya tsara wanne ke gaba da wanne. In tutar tana shelar cewa wasu bayanai sun kammala, smp_store_release() da smp_load_acquire() kake bukata.

Yanzu bayanin kansa. Rubuta shi da Turanci a saman layin, ya faɗi wane aiki ne ke rubutu a ɗaya gefen, da sunansa, wane makulli ke kare shi, kuma me ya sa tsohuwar lamba ba za ta yi ɓarna ba. Ka maimaita a gefen mai rubutu, kowanne yana nuna ɗan'uwansa. Bayanin da ya ce "babu matsala" kawai gara babu shi, domin yana sa mai bita ya saki jiki. scripts/checkpatch.pl yana gargaɗi idan ya ga data_race() babu bayani, sai dai ba ya iya gane ko bayanin gaskiya ne.

Inda ka ce mai rubutu ɗaya ne, ƙara ASSERT_EXCLUSIVE_WRITER(). Inda ka ce ana riƙe da makulli, ƙara lockdep_assert_held(). Waɗannan su ke ihu ranar da wani ya karya ƙa'idar.

Gwada da CONFIG_KCSAN=y, wanda ya shiga kanel tun 5.8 a 2020. Tayar da shi a QEMU da -smp 4, ka ɗora masa aiki mai nauyi. KCSAN tsinto yake yi nan da can, saboda haka shirun minti goma ba shaida ba ce. Ka ba shi awanni, ka kuma tanadi caji kafin a ɗauke wuta. Idan rahoto ya fito zai ambaci ayyukan biyu da suka yi karo. Manna shi a saƙon facinka.