In an sauke muku baƙo mai aikin sa-kai: kurakuran da na gaji da gani

Duk lokacin da aka kawo sabon rukunin masu aikin sa-kai daga ƙasashen waje, aka rarraba su gidaje don su koyi harshe da zama da mutane, sai in ga ana ta maimaita kuskure iri ɗaya. An fi ɗora wa baƙin laifi. Ni da na koyar da su Hausa, na san kaso mai yawa namu ne, mu masu masauki.

Tsarin ya daɗe. Peace Corps, ƙungiyar masu aikin sa-kai ta Amurka, wadda shugaba Kennedy ya kafa a 1961, ta shigo Nijar a 1962, ta yi aiki har Janairun 2011 da ta kwashe mutanenta saboda matsalar tsaro. Shekaru da dama a Hamdallaye, kusa da Yamai, ake ba su horo: wata biyu zuwa uku a gidan mutane, sannan shekara biyu a ƙauye. Duk ƙungiyar da ta kawo muku baƙo a kan wannan tsari, 'yan makonnin nan su ne jarinsa.

Babban kuskure shi ne ruwa. Mun saba baƙo ya sha ruwa kafin a gaisa, kuma al'ada ce mai kyau. Sai dai cikin da ya tashi da ruwan famfon wata ƙasa bai san ruwan rijiyarmu ba. An faɗa musu a wurin horo kada su sha sai tafasasshe ko tatacce, amma wa zai iya mayar da hannun tsohuwa? Akwai wata ɗalibata, duk ajin babu mai kaifin kunnenta. Uwar masaukinta, saboda tsabar ƙauna, ta dama mata fura da ruwan randa, ta miƙa mata ludayi tana cewa, "Sha, ɗiyata, kin rame." Yarinyar ta kalli ƙwaryar, ta kalli fuskar Inna, ta shanye. Ba a yi mako ba tana kwance ana ƙara mata ruwa, daga nan aka mayar da ita ƙasarsu. Inna ta yi kuka, ni ma abin ya daɗe yana cina a rai. Don Allah, iyayenmu mata, ku ji wannan da kyau! Abin da nake sa kowane gida ya yi: a ware masa tulu ɗaya da moɗarsa, a tafasa ruwan har ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka, a rufe, kada yara su tsoma hannu. Da shi za a dama fura, da shi za a haɗa zoɓo, da shi za a wanke tumatir da albasar da za a zuba a kwaɗon zogale. Ƙanƙarar kasuwa kuwa a manta da ita. In zawo ya kama shi duk da haka, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta wannan ruwan, ya riƙa kurɓa, a kira likitansu. Zazzaɓi ma haka, ranar da ya fara ake kira, ba a tsaya jiƙa saiwa tukuna. Gidan sauro kuma a ɗaura masa ko da a tsakar gida zai kwana lokacin bazara.

Na biyu ya fi ba ni haushi, don ana yin sa da sunan karamci. A ba shi kujera kowa na kan tabarma, a kai masa tuwo ɗaki da cokali, a naɗa ɗan makarantar gidan tafinta, duk maganar da za a yi sai an juya ta Faransanci ko Ingilishi. To, me ya zo yi? Mutumin da gobe za a ajiye shi a ƙauyen da babu mai jin yarensa, kun hana shi jin naku. Na sha ganin wanda ya gama horo bai iya amsa "ina gajiya" ba, alhali ya kwana a gidan Hausawa tun ranar da ya sauka. A ajin harshe nakan gane su tun kafin su buɗe baki. Ku zaunar da shi cikinku ya sa hannu a akushi. Ku aike shi wurin mai tebur ya sayo magi da ashana, ya dawo da canji. In mace ce, ku ba ta taɓarya ko da sau biyar za ta daka ta gaji. In ya karya magana ku yi dariyarku, amma ku sake faɗa masa daidai, a hankali. Ku raɗa masa suna tun daren farko, kowa ya riƙa kiransa da shi.

Sai maganar roƙo. Baƙon da ke cikin horo ba ya karɓar albashi, ɗan kuɗin kashewa kawai ake ba shi, kuma ba shi da iko a kan biza. Da zarar Baba ya fara zancen kuɗin taki ko hanyar Amurka, baƙon zai fara ɓuya a ɗaki. Yaran da ke binsa suna ihun "anasara, kado" (wato "Bature, ba mu kyauta") ma ku tsawata musu.

Sauran ƙanana ne. Ku nuna masa buta da makewayi ranar farko, shi ba zai tambaya ba. Maganar hannun hagu ku faɗa masa kai tsaye, kada ku tsaya jirwaye. In ya shige ɗaki ya yi shiru bayan azahar, ba fushi yake ba, kansa ne ya cika da baƙin kalmomi, ku bar shi ya huta. In ya ce ya ƙoshi, ku yarda. Wasan "za mu yi miki miji" sau ɗaya ya isa. Addini kuwa, ku amsa in ya tambaya, kada ku matsa. In kuma tufafinta bai rufe gwiwa ba, Inna ta ja ta ɗaki ta ba ta zane, ta koya mata ɗaurawa kafin su fita kasuwa.