Kurakuran da Malamai Suka Fi Yi Wajen Koyar da Nahawu da Ƙa'idojin Rubutun Hausa

Kuskuren da ya fi damuna, wanda kuma na sha gani a azuzuwan ƙaramar sakandare, shi ne a sa ɗalibi ya haddace cewa suna kaza ne, aikatau kaza ne, ya rera shi kamar karatun allo, alhali da an ba shi takarda ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa sai ya haɗe abin da ake rabawa, ya raba abin da ake haɗewa. Yaron Bahaushe ya zo aji da nahawunsa a baki. Abin da yake nema wurin malami shi ne yadda zai sauke shi a kan takarda ba tare da ma'ana ta ɓace ba.

Gyaran yana farawa ne daga allo. Malam ya rubuta "ba shi" da "bashi", "ta ce" da "tace", "ya yi" da "yayi", sannan ya nemi kowane ɗalibi ya saka su cikin jimla. Ranar da yaro ya gane cewa "akan zo da wuri" al'ada ce, "a kan tebur" kuwa wuri ne, ba zai sake buƙatar a tuna masa ba. Daga nan ne ake kawo doka: lamirin suna, wato kalma irin su "na" ko "ya", ba ya manne wa aikatau, wato kalmar aiki, don haka "na gani" ake rubutawa, amma "yana", "yakan" da "yake" a haɗe suke, kamar yadda gajeriyar mallaka take liƙe da suna a "gidansa". "Za su" da "shi ne" kuwa a rabe ake barinsu, kuma a nan ne har manya suke tuntuɓe.

Akwai malaman da suke yafe rashin ƙugiya a ɓ, ɗ da ƙ, wai don wayoyin yara ba su da waɗannan haruffa. Wannan sassauci cutarwa ne, domin "baki" ba "baƙi" ba ne, "fada" kuma ba "faɗa" ba ce. Tun ƙa'idojin da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, masana sun sha wahalar daidaita rubutun nan, kuma mai duba takardun WAEC ko NECO da shi zai auna ɗalibi. Shifta ta minti goma kowane mako, wadda ɗalibai za su musanya littattafai su gyara wa juna, ta fi dogon bayani amfani.

Game da jinsi, a daina cewa duk sunan da ya ƙare da "a" tamace ne; gida, nama da suna sun isa misali.

Alamomin rubutu ma ana koyar da su a matsayin jerin sunaye: aya, waƙafi, ruwa biyu, alamar tambaya. Ya fi kyau malam ya rubuta "Wanda ya zo jiya, ya tafi", ya matsar da waƙafin ya koma "Wanda ya zo, jiya ya tafi", ya sa a karanta da babbar murya. Idan kuma ya karɓi insha'i, kada ya cika shafin da jan biro. Ya zaɓi kuskure iri ɗaya, ya ja masa layi, ya mayar wa ɗalibin ya gyara da hannunsa kafin darasi na gaba.