Tsohuwar rediyo mai amfilifaya a haraj: yadda ake gwada ta kafin a biya

Wanda ke zaga haraj, wato kasuwar tsofaffin kaya, irin na Sawarikh a kudancin Jidda ko na Ibn Ƙasim a Riyad, ba zai rasa cin karo da su ba: manyan rediyoyin nan masu fuskar azurfa da akwatin katako, Pioneer, Sansui, Marantz, Kenwood, yawancinsu ƙirar Japan ta shekarun 1970. Rediyo ce da amfilifaya a gida ɗaya, sai dai ka haɗa mata sifika. Sautinsu yana da daɗi, kuma ana iya gyara su, domin kayan cikin a baje suke, ƙarfen dalma yana kaiwa ko'ina. Amma na'urar da ta doshi shekara hamsin, kuɗin da ka ba mai kaya somin-taɓi ne. Idan ba ka san mai gyara ba, kuma ba a yarda ka gwada ba, bar ta a inda take.

Fara da bayanta, tun kafin a jona. A Saudiyya an daɗe ana amfani da wuta iri biyu, mai bolt 127 da mai 220, har yanzu kuma akwai tsofaffin gidaje a Makka da Jidda da ke da soket ɗin duka biyun, ko da yake ƙasar tana komawa 230. Karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka 120 take sha, ta cikin gidan Japan 100. Ka cusa ɗayansu a 220, in an yi sa'a fis ne zai tafi, in ba a yi ba taransifoma ce, ita kuwa ba a samunta a shago. Wasu suna da maɓallin zaɓen wuta a baya. Tabbatar yana kan 220 ko 240. Ta cikin gidan Japan tana da wata matsalar: FM ɗinta daga 76 zuwa 90 ya tsaya, don haka duk tashar da ke sama da 90 ba za ka kama ta ba. Lambobin da ke jikin gilashin gaba za su gaya maka. Mai niyyar tura ta Kano ko Zinder ta kargo ya nemi wadda aka rubuta 50/60Hz, saboda wutar Saudiyya 60Hz ce, ta can 50, kuma taransifomar da aka yi don 60 kaɗai takan fi ɗaukar zafi a kan 50.

Sai hanci da ido. Sunsuna ramukan iska na sama: warin ƙuna alama ce ta abin da ya taɓa ƙonewa. Haska fitilar waya ciki. Manyan kafasita, wato 'yan gwangwanayen nan masu tara wuta, guda biyu ko huɗu da ke kusa da taransifoma, in kansu ya kumbura ko gindinsu ya yi farin gari, sun gama aiki. Ruwan cikinsu bushewa yake yi da shekaru, zafin ɗakin ajiya a rani kuma yana hanzarta shi. Kayan Jidda da Yanbu sukan zo da tsatsa saboda raɓar teku. Ta jikin murfi ba komai, amma in ta ci ramukan baya da ƙafafun taransista, aikin ya yi yawa.

Gwajin da ya fi kowanne amfani na mitar awon wuta ne, irin ta masu gyaran rediyo, kuma mitar ba ta da tsada. Kada ka haɗa sifika tukuna. Mayar da ƙara zuwa sifili, zaɓi AUX, kunna. Yawancinsu bayan daƙiƙa uku zuwa biyar za ka ji ƙaramin "ƙas" daga ciki: rilen kariya ne ya saki hanyar sifika. In mai rile ce, fitilu sun kama amma ba a ji shi ba, yawanci tana ƙin sakin sauti ne saboda ta ga matsala a sashen ƙarfi, wato wanda ke tura sauti zuwa sifika. Bar ta ta yi minti goma, sa mitar a kan DC milibolt, ɗora bakinta a kan ja da baƙin ramin sifika, hagu sannan dama. Ƙasa da 50 lafiya lau. Kusan 100 tana son saiti. In ya kai ɗaruruwa ko ya haura bolt ɗaya, kada ka kusantar da sifikarka, zai ƙona ta. Wasu tsofaffi irin Marantz 2230 suna da kafasita a bakin fitar sauti, su wannan awon ba ya faɗin gaskiyarsu in babu sifika a jone.

In ta wuce nan, haɗa sifika mai om 8 wadda ba ka jin asararta, ka sa karatu ko labarai, domin murya ta fi kiɗa tona asiri. Juya balans hagu da dama, kowane ɓangare ya yi magana da ƙarfi ɗaya. Ƙarar "ƙurrr" lokacin murza maɓalli datti ne kawai, feshin wanke maɓallan lantarki yana maganinsa. Ban da WD-40, yana barin maiƙon da ke tara ƙura. Gunji mai kauri da ba ya raguwa ko an rage ƙara, kafasita ne. Tartsatsi kamar ana suya a gefe guda yawanci ƙananan taransista ne, irin 2SC458 da suka yi ƙaurin suna, kuma canjinsu ba wuya. Kwan fitilar gaba da ya mutu ƙaramin abu ne, dalilin rage farashi dai.

Inda ake shan wahala shi ne sashen ƙarfi. Wasu ƙira, misali Pioneer SX-780 mai wat 45 kowane gefe, suna amfani da wani baƙin dunƙulallen sashe guda mai suna STK, wanda kamfanin Sanyo ya daina yi tuntuni. Mafi yawan waɗanda ake tallatawa a intanet jabu ne, ba sa jimawa. Tambayi mai gyaranka ko ƙirar da ka gani mai STK ce ko mai taransista ɗai-ɗai. Ta biyun ta fi sauƙin farfaɗowa. Idan an ce ta shekara goma a ajiye, kada a jona ta kai tsaye: mai gyara ya bi da wutar ta cikin kwan fitila mai zare na wat 60 zuwa 100. Kwan ya haska sannan ya dushe, lafiya. Ya tsaya da haske sosai, akwai gajeren haɗi.

Kada lambar wat ta ruɗe ka. Wat 30 zuwa 45 na waɗannan ya ishi majalisin gida, ba irin dubban da ake rubutawa a kwalin sababbin sifikoki ba ne. Manya irin Sansui 9090DB ko Marantz 2270 masu tara kayan tarihi sun ɗaga farashinsu, ga nauyi, ga tsadar gyara.

Haɗa waya kuwa, igiya mai bakin iyafis a gefe ɗaya da ja da fari a ɗayan, ko ƙaramin akwatin Bluetooth, a ramin AUX ko TAPE. Ramin PHONO na garmaho ne kaɗai. Ka sa waya a can sauti zai fashe. A gida ka bar mata tazarar taƙi ɗaya a sama, kada a ɗora mata komai, kada kuma a rufe ta cikin kabad.